Yatsan Da Ya Daina Jin Zafi

Kun saba ji na ina magana a kan zuciya da tuba da zaman aure. Yau a kan hannu zan yi magana, hannun nan na nama da ƙashi da kuke riƙe waya da shi. Dalilina shi ne akwai wata cuta da ke fara aikinta a yatsa cikin shiru. Maganinta kyauta ne, amma kunya da jinkiri kan ba ta dama ta cinye hannun mutum. Tarihin ikkilisiyar Hausa a ƙasar Kano kuma yana ɗaure da wannan cuta fiye da yadda yawancinku suka sani.

Duk wanda ya taɓa ratsa cikin birnin Kano da ƙafa ya san gari ne da hannu ke ciyarwa. Ka shiga ta Ƙofar Mata, ga marina a bakin karofi, hannuwansu sun rine shuɗi, suna tsoma zane suna ɗagowa ba adadi. Kusa da su mabuga na ta luguden shadda a kan gungume. Ka gangara Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ga dukawa da basilla, ga maƙera, ga masu aikin wuyan babbar riga. A cikin gidaje kuwa, inda baƙo ba ya gani, mata na ɗinkin hula da murza taliya. Nakan bi ta nan sau da yawa in na shigo gari daga makarantar tauhidin da nake koyarwa, don ina da abokai da dangi na wajen uwa a cikin ganuwa. Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne duk wannan gwaninta a kan jijiyoyi uku take tsaye, kowacce kaurinta bai kai na fensir ba.

Wadda ta koya mini wannan wata nas ce a ikkilisiyarmu, uwa ce da ta yi shekaru tana aikin tarin fuka da kuturta. Kowace shekara nakan gayyace ta ajin da nake koyar da ziyarar marasa lafiya, domin fasto yana shiga ɗakunan da likita ba ya shiga, yana kuma riƙe hannuwan da likita bai taɓa gani ba. Abin da takan fara gyara wa ɗalibai shi ne kalmar jijiya. A Hausa mun haɗa abubuwa uku a kalma ɗaya. Akwai jijiyar jini, wadda ake nema in za a ɗebi jini ko a sa ruwa. Akwai jijiya mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin wadda ke ƙin taunuwa a nama. Sannan akwai jijiyar saƙo, fara mai laushi, wadda ke aiki kamar wayar lantarki. Ita ce ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da fata ta taɓa, mai zafi ne ko mai kaifi. Ita ce ke kawo wa tsoka umarni ta motsa. Ita ce kuma ke sa fata ta yi gumi don kada ta bushe.

Hannu yana da ƙasusuwa 27, takwas daga cikinsu a wuyan hannu. Jijiyoyin saƙon da ke kula da shi sun fito ne daga laka a wuya, suka ratsa ta hammata, suka rabu uku suka gangara zuwa yatsu. Kowacce da unguwarta, kamar yadda aka raba birni. In wuta ta ɗauke a Yakasai amma tana nan a Dala, mai gyara ya san taransifomar da zai duba. Haka likita. Tambayarsa ta fari ita ce: wane yatsa ne ya mutu, wanne ne kuma yake ji? Amsar kaɗai kan nuna masa jijiyar da ta sami matsala, har ma da wurin da aka danne ta. Hausawa sun ce jiki magayi, kuma a hannu maganar tasa ba ta da kwana-kwana.

Ta farko ita ce jijiyar tsakiya, wadda likitoci ke kira midiyan. Unguwarta babban yatsa, manuni, yatsan tsakiya da rabin yatsan zobe, ta ɓangaren tafi. Kafin ta shiga tafin hannu sai ta bi ta wani ɗan lungu a wuyan hannu, ƙashi a ƙasa, wani maɗauri mai tauri a sama, kuma tare take bi da jijiyoyin tsoka guda tara masu lanƙwasa yatsu. Lungun a matse yake. Da an sami ɗan kumburi, ita ce mai laushi, ita ke shan matsi.

Ina da wani aboki mai aikin wuyan riga a Kurmi, Musulmi ne, tun muna samari muke tare. Wata rana na tarar ya ajiye allura yana yarfe hannu. Ya ce, “Malam Fasto, wata uku ke nan minjirya ke tashe ni tsakar dare. Allura kuma sai ta faɗi ban sani ba.” An ce masa sanyi ne, wani kuma ya ce masa hannu aka sa masa saboda ciniki. Na raka shi asibiti. Likitan bai fara da na'ura ba. Ya tambaye shi ko ƙaramin yatsa ma na mutuwa, ya ce a'a, shi lafiyarsa ƙalau. Ya ƙwanƙwasa masa tsakiyar wuyan hannu da kan yatsa, sai abokina ya zabura, ya ce ya ji kamar lantarki ya tafi har kan manuni. Ya sa shi ya lanƙwasa wuyan hannuwansa ya haɗa bayansu na minti ɗaya, kafin minti ya cika minjiryar ta dawo. Sai ya duba tudun naman da ke gindin babban yatsa, ya ga bai rame ba tukuna, ya ce an zo da wuri. Aka ba shi abin ɗaure wuyan hannu da dare, aka gwada shi ko yana da ciwon suga, don masu suga da mata masu juna biyu sun fi samun wannan matsala. In da ya daɗe har naman ya rame, da sai an yi ƙaramin aiki an yanke maɗaurin don jijiyar ta sami sarari, kuma ba lallai ƙarfin babban yatsa ya dawo duka ba. Yanzu yana nan yana aikinsa.

Ta biyu ita ce jijiyar bayan hannu, radiyal. Takan naɗe ƙashin da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, aikinta kuma ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu. In ta sami rauni, hannu sai ya langaɓe daga wuya kamar ganyen da rana ta buga. Hakan kan faru ga wanda ya yi barci mai nauyi hannunsa na rataye a bayan kujera, ko wanda sandar guragu ke danne masa hammata, ko wanda ya karye a wannan ƙashi, abin da haɗarin babur ke yawan jawowa. Na danniya yakan warke cikin makonni ko 'yan watanni. Na karaya kuwa, duk wanda hannunsa ya langaɓe bayan karaya ko bayan ɗori, ya tafi a duba shi. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959 don irin wannan. Jijiya tana iya sake tsiro, amma a hankali, wajen milimita ɗaya a rana, saboda haka kowane wata da aka ɓata yana da tsada.

Ta uku ita ce wadda ta sa na yi wannan rubutu. Likitoci na kiranta alna. Kowa ya san ta ko bai san sunanta ba: ita ce in ka buge gwiwar hannunka a gefen benci sai ka ji wani abu ya tsarga har ƙaramin yatsa. A wurin tana kwance ne dab da fata, a cikin wani ɗan kwari a bayan ƙashi. Unguwarta ƙaramin yatsa da ɗaya rabin na yatsan zobe, kuma ita ke juya yawancin ƙananan tsokokin cikin hannu, waɗanda ke ware yatsu su haɗa su. Gwajinta mai sauƙi ne. A ba mutum takarda ya matse tsakanin babban yatsa da gefen manuni, a ja. In jijiyar ta raunana, takardar za ta zame, ko kan babban yatsan ya lanƙwashe don ya rama ƙarfin da ya rasa. Wannan gwaji da na ƙwanƙwasa jijiya, likitoci biyu 'yan Faransa, Froment da Tinel, suka bayyana su a 1915, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cika asibitoci da sojojin da harsashi ya tsinka wa jijiyoyi. In rauninta ya daɗe, ƙaramin yatsa da na zobe sai su ƙanƙame su lanƙwashe, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta baya ya lotsa.

Wannan hannu mai yatsu a ƙanƙame, duk wanda ya tashi a Kano ya taɓa ganinsa a miƙe a bakin titi. Hannun da kuturta ta taɓa ke nan.

Ni na fara saninsa ne a jikin mutumin da ya koya mini karatun Littafi Mai Tsarki. Dattijo ne a ikkilisiyar ƙauyen da na tashi, muna ce masa Baba Mai Bishara. Yana yaro aka kai shi Yadakunya, asibitin kutare da ke arewa da birnin Kano a ƙasar Ungogo. A ƙarshen shekarun 1930 ne mishan ɗin SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga aikinta, ta karɓi kula da asibitocin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, da yardar hukumomin gargajiya. Na Katsina shi ne Babbar Ruga, na Sakkwato Amanawa, namu kuma Yadakunya. Ku dubi sunan da kyau: ya da kunya. A zamanin da ba a barin mishan ta yi wa'azi cikin ganuwa, a waɗannan wurare ne mutane da yawa suka sami magani, suka koyi karatu da aikin jinya, waɗansunsu kuma suka ba da gaskiya. Daga baya gwamnati ta karɓi asibitocin. Amma gaskiyar da ba a cika faɗa muku ba ita ce, cikin Kiristocin Hausa na farko a wannan ƙasa, da masu bisharar da suka buɗe majami'u a ƙauyuka, akwai da dama da hannuwansu ba su cika yatsa goma ba. Waɗansunku jikokinsu ne.

Baba yakan riƙe Littafi tsakanin wuyan hannuwansa, ya buɗe shafi da gefen babban yatsa. Wata safiya ta hunturu muna jin ɗumi a bakin wuta, yana ba mu labari, sai muka ji ƙauri. Gefen hannunsa ne ya jingina da dutsen murhu, yana ta magana bai sani ba. Matarsa ta zo a guje da ruwa. Da aka gama ɗaure masa, na ce, “Baba, ashe kai ka huta, ba ka jin zafi.” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, da ana sayar da zafi a Kurmi, da na sayar da akuyata na sayo.”

Sai da na girma na fahimci abin da yake nufi. Mutane suna zaton kuturta ce ke ruɓar da yatsu su zube. Abin da ke faruwa daban ne. Ƙwayar cutar, wadda wani likita ɗan Nowe mai suna Hansen ya gano a 1873, tana son wuraren jiki masu ɗan sanyi, saboda haka takan zauna a fata da cikin jijiyoyin saƙon da ke kusa da fata: alna a gwiwar hannu, midiyan a wuyan hannu, da waɗansu a gwiwa da idon sawu da fuska. Jijiyar sai ta kumbura ta yi kauri, ta daina aiki. Gumi ya tsaya, fata ta bushe ta tsage. Tsoka ta shanye, yatsu su ƙanƙame. Ji ya tafi. Daga nan sauran ɓarnar rayuwar yau da kullum ce ke yin ta. Mace ta sauke tukunya da hannu ba tsumma. Manomi ya wuni da ƙotar fartanya tana cin tafinsa. Ƙaya ta shiga ta kwana uku. Ciwo ya yi ruwa, mai shi ya ci gaba da aiki da shi tunda ba ya damunsa, har ya kai ga ƙashi, yatsa ya dinga gajarta kaɗan-kaɗan.

Wanda ya fi kowa fito da wannan fili shi ne Dokta Paul Brand, likitan tiyata ɗan Ingila, ɗan masu aikin mishan, wanda ya fara aiki a asibitin Kirista na Vellore a Indiya a 1946. Ya bi diddigin raunukan marasa lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga kowanne da sanadinsa. Har ya gano waɗansu ɓera ne ke gaigayar yatsunsu da dare suna barci, sai aka dinga sa su ajiye kyanwa a ɗaki. Shi ne kuma ya gyara dabarar ɗauko jijiyar tsoka mai lafiya a dasa ta inda ta shanye, don hannun da ya ƙanƙame ya sake buɗewa. Bayan shekaru yana wannan aiki, ya riƙa koyar da cewa jin zafi baiwa ce daga Allah. Baba bai taɓa jin sunansa ba, amma a bakin murhu ya riga ya kai inda likitan ya kai.

Yanzu bari in gaya muku inda aka kwana, domin wannan ba tarihi kaɗai ba ne. Har yau ana samun sabbin masu kuturta wajen 200,000 a duniya kowace shekara, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da ke samun fiye da 1,000 a shekara. Ba gadonta ake yi ba. Cin kifi da nono ba ya kawo ta, rantsuwar ƙarya ba ta kawo ta. Tana yaɗuwa ne ta numfashi, bayan doguwar cuɗanya da wanda bai fara shan magani ba, kuma jikin mafi yawan mutane, kusan 95 cikin 100, yana kashe ƙwayar da kansa. Ba a ɗaukarta ta musafaha ko cin abinci kwano ɗaya ko zama benci ɗaya a sujada. Takan yi wajen shekara biyar a jiki kafin ta nuna, wani lokaci har 20.

Alamarta ta fari ba ta da ban tsoro, shi ya sa ake raina ta. Wani tabo ne a fata, ya fi sauran jiki haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo. Da yawa sukan ɗauka makero ne ko ƙyasfi, su yi ta shafa mai. Bambancin shi ne tabon kuturta ba ya ji. Ma'aikacin lafiya zai sa ka rufe ido, ya taɓa wurin da auduga, ya ce ka nuna inda aka taɓa. Zai laluba bayan gwiwar hannunka ya ji ko jijiyar ta yi kauri ko tana ciwo. Zai taɓa wurare a tafin hannunka da bakin biro ko da wani siririn zaren roba. Zai ce ka ware ƙaramin yatsa ya tura ya ji ƙarfinsa, ka ɗaga babban yatsa sama, ka ɗaga wuyan hannu. Motsi uku, jijiya uku. Duk gwajin bai kai tsawon wa'azin Lahadi ba.

Maganin haɗin ƙwayoyi uku ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 1981, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Wata 6 ake sha in cutar ba ta yi yawa ba, wata 12 in ta yi yawa. Da an fara sha, mutum ya daina yaɗa ta. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin kan sa fitsari ya yi ja, wata kan sa fata ta yi duhu na ɗan lokaci, kada wannan ya sa a daina. Abin alfahari ne cewa muhimmin gwajin biyu daga cikinsu a Najeriya aka yi shi, a asibitin kutare na Uzuakoli da ke jihar Abiya ta yau. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in tarin fuka da kuturta, cibiyar horar da su kuma tana Saye a Zariya.

Ga abin da nake so ku riƙe fiye da kome. Maganin yana kashe ƙwayar cutar ko da yaushe aka fara shi, amma ba ya ta da jijiyar da ta riga ta mutu. In raunin jijiya sabo ne, bai wuce kamar wata shida ba, akwai maganin rage kumburi da likita ke bayarwa wanda sau da yawa kan dawo da ji da ƙarfi. In ya wuce haka, damar tana raguwa ƙwarai. Wata shida. Ku auna shi da yadda muke yi. Wata biyu ana cewa sanyi ne. Wata biyu ana shafa man addu'a a ɓoye. Wata biyu kuma uwa na cewa a rufa asiri har a ɗaura auren yarinya, kada dangin miji su ji. Kafin a kai ga asibiti, lokacin ya ƙare. Mutum zai warke daga kuturta sarai, amma ya ƙare rayuwarsa da hannun da ke sa a kira shi kuturu.

A nan ne mu masu wa'azi muke da aiki. Sau da yawa akan tsaya a bagade a ce kuturta hoton zunubi ce, a kawo labarin Gehazi ko na Maryamu 'yar'uwar Musa, ba a tuna cewa wataƙila a benci na uku akwai yarinyar da ke ɓoye tabo a ƙarƙashin mayafi. Me za ta ji? Za ta ji cewa Allah ne ya tona mata asiri, sai ta ƙara jan mayafin. Ya kamata ku san cewa kalmar Ibraniyanci da aka fassara da kuturta a Littafin Firistoci sura 13 da 14 ta haɗa cututtukan fata iri-iri, har ma tana kama tufafi da bangon ɗaki. A duk bayanin alamunta ba a ambaci mutuwar yatsu ko ƙanƙamewarsu ba. Ba daidai ba ne a ɗauki dokar ware mutum ta wancan zamani a ɗora wa mai cutar da ƙwaya uku ke warkarwa. Ko a can ma, ku lura, aikin firist dubawa ne: ya duba, ya jira kwana bakwai, ya sake dubawa. Jiki ake kai wa wanda ya san alamu.

Ku karanta ƙarshen sura ta fari ta Bisharar Markus a gida. Ubangiji yana da ikon warkarwa daga nesa, ya kuwa yi haka ga mutum goman nan na Luka sura 17. Amma wannan mutum taɓa shi ya yi. Nakan yi tunanin shekara nawa mutumin ya yi ba wanda ya taɓa fatarsa. Bayan haka kuma ya aike shi wurin firist a duba shi a tabbatar. Addu'a da dubawa ba kishiyoyi ba ne. Ku yi addu'a da dukan zuciya, ku kuma shiga mota ku tafi asibiti a makon nan.

Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 12, ya kwatanta ikkilisiya da jiki, ya nuna cewa ciwon gaɓa ɗaya na jiki duka ne. Tun da na san aikin jijiya nake karanta wurin da wani ido. Abin da ke sa hannun dama ya kai wa na hagu ɗauki shi ne saƙon zafi da ya iso. In saƙon ya yanke, yatsa yana nan a jiki, jini na zuwa masa, amma ba mai kāre shi. Zumunta ma takan kai haka. Ɗan'uwa ya yi Lahadi huɗu bai zo ba, ba wanda ya ji kome. 'Yar'uwa ta daina miƙa hannu a gaisa, ta koma zama a baya, aka ce girman kai ne. Sujada na tafiya daidai, ƙungiyar mawaƙa na ƙoƙari, baiko na shigowa, ba inda ke ciwo, sai mu ce lafiya lau. Baba ma a bakin murhu ba inda ke masa ciwo. Na tuna akwai masu zamewa daga layi in sun ga shi ne a gabansu ranar Jibin Ubangiji, alhali ya warke tun kafin a haife su, kuma shi ya koya wa iyayensu karatu. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

To, ga abin da nake roƙonku. Duk wanda ke da tabon da ba ya ji, ko yatsan da ya mutu ya ƙi farfaɗowa, ko ya ga ƙuna a hannunsa bai san lokacin da ya ƙone ba, ya je a duba shi. Yawancin mutuwar yatsa ba kuturta ba ce. Tana iya zama danniya irin ta abokina, ko suga, ko matsala a wuya, kuma duk sun fi sauƙin magani da wuri. In kuwa hannu ya mutu farat ɗaya, tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti ake nufa a lokacin, ba a jiran gari ya waye. In wani ya gaya maka sirrinsa, kada ka mai da shi abin roƙon addu'a a gaban jama'a ba da izininsa ba. Raka shi. In an sami cutar a gida, sauran mutanen gidan ma a duba su.

Waɗanda jijiyarsu ta riga ta mutu kuma, kuna da abin yi musu wanda ba ya bukatar digiri. Ido ne zai tsaya a madadin zafi. Kowace yamma a duba tafin hannu da na ƙafa ko akwai sabon rauni. A jiƙa su cikin ruwa, a goge kanta a hankali, a shafa man kaɗe ko basilin don kada fata ta tsage. A naɗe ƙotar fartanya da tsumma, a tanadi abin sauke tukunya, a sa kofin shayi cikin abin da ba ya ɗaukar zafi. Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ita ce ranar kuturta ta duniya. Zai yi kyau zumuntarmu ta nemi izinin hukumar asibiti ta kai ziyara Yadakunya. Ku tafi da sabulu da mai, amma kada ku tsaya daga nesa kuna ɗaukar hoto. Ku zauna, ku gaisa hannu da hannu, ku tambayi dattawan wurin labarinsu.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka ƙera hannuwanmu, ka sa musu ji don su tsira. Ka ba duk mai ɓoye ciwo a cikinmu ƙarfin hali ya fito da shi tun da sauran lokaci. Ka albarkaci ma'aikatan lafiya da ke duba marasa lafiya a cikin birni da ƙauye, da masu sana'ar hannu da ke ciyar da iyalinsu. Ka kuma sa mu zama jikin da ke jin ciwon gaɓoɓinsa. Cikin sunan Yesu, amin.